Hot rod: Yadda tarkacen motocin Ford suka zama al'ada a Amurka

Hot rod suna ne da Amurkawa suka laƙaba wa tsohuwar mota, galibi ƙirar Ford ta kafin shekarar 1949, wadda mai ita ya rage mata nauyi, ya ƙara wa injinta ƙarfi, domin ta yi gudun da kamfanin da ya ƙera ta bai tanadar mata ba. Tana da 'yar uwa da ake kira custom, wadda ita kyan sura aka sa a gaba wajen gyara ta: a yanke rufi, a sassauto da jiki ƙasa, a shafe tambari da mariƙin ƙofa, har motar ta koma sumul kamar zuba ta aka yi. A kewayen waɗannan motoci biyu aka gina wata babbar al'ada mai ƙungiyoyi da mujallu da bukukuwan baje koli da tafiye-tafiyen ayari, wadda ta faro daga kudancin jihar Kalifoniya, ta kai har Suwidin da Japan da Ostiraliya.

Duk wanda ya bi tarihin wannan al'ada zai tarar da gardama guda tana ta maimaita kanta: don tuƙi ake gina motar, ko don a girke ta jama'a su kalla? Abin da samari marasa abin hannu suka fara da ƙarafan da suka tsinto a filayen tarkace, a yau yana da ɓangaren da sai attajiri ke iya leƙa shi. Abin da ake kira hot rod na gargajiya, da dogayen tafiye-tafiyen da ake yi cikin ayari, martani ne ga wannan sauyi.

Asali a cikin hamada

Kamfanin Ford ya ƙera motar Model T fiye da miliyan 15 tsakanin 1908 da 1927, sannan ya biyo ta da Model A. Da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe daga 1929, waɗannan motoci sun cika wuraren sayar da gwanjo, ana rabuwa da su a kan 'yan daloli. Dabarar farko ta ƙara musu gudu ba ta cin ko sisi. Saurayi zai cire madigadi da bamba da gilashin gaba da rufin tamfol, da duk abin da ke da nauyi ko yake tare iska. Shi ya sa aka fi son ƙirar roadster, wato buɗaɗɗiyar mota mai kujerar mutum biyu, domin ita ce mafi rashin nauyi kuma mafi araha.

Shekarar 1932 ce ta sauya lissafi. A cikinta Ford ya fitar da injin V8 mai silinda takwas a motar da talaka zai iya saye, alhali kafin nan irin wannan inji sai a motocin masu hannu da shuni. Ƙarfinsa na doki 65 ne, girmansa lita 3.6. Ana kiran sa flathead saboda bawul ɗinsa suna cikin gangar injin a gefen silinda, don haka murfin saman, wanda makanikai ke kira tof-silinda, shimfiɗaɗɗen ƙarfe ne kawai. Injin yana da aibunsa: hayaƙi na bi ta cikin gangar kafin ya fita, abin da ke sa shi saurin ɗaukar zafi, kuma ba ya shaƙar iska yadda ya kamata. Sai dai wannan aibin shi ya buɗe kasuwa. Mutane irin su Vic Edelbrock suka riƙa ƙera bututun da ke ɗaukar kafireto biyu ko uku maimakon ɗaya, da tof-silinda na alminiyom. Ed Winfield, daga baya kuma Ed Iskenderian, suka shahara wajen sassaƙa sandar da ke buɗe bawul da rufe shi. Motar Ford ta 1932, wadda masu sha'awar ke kira Deuce, har gobe ita ce ma'aunin da ake gwada sauran da shi.

Wurin gwajin gudu kuwa yana arewa da birnin Los Angeles, a hamadar Mojave, inda akwai ƙafaffun tafkuna irin su Muroc da Harper da El Mirage. Ƙasarsu a shimfiɗe take, ta bushe ta yi tauri, babu bishiya babu kwana. Samari kan tafi da dare, su kwana a fili cikin sanyi, su fara gudu da asuba kafin rana ta yi zafi. Da farko motoci da yawa ke tashi tare, na gaba ya tayar da ƙura, na baya su bi shi a makance, kuma an yi asarar rayuka. Wannan ya sa wasu ƙungiyoyi suka haɗu a ƙarshen 1937 suka kafa ƙungiyar auna gudu ta kudancin Kalifoniya, SCTA, wadda ta kawo agogon auna lokaci da dokoki da duba lafiyar mota kafin a bar ta ta tashi. Wani abin lura shi ne, a farkon al'amari ƙungiyar ba ta karɓar mota mai rufi. A ganinsu buɗaɗɗiya ce kaɗai motar tsere. Daga baya sojoji suka karɓe Muroc, wanda yanzu yake cikin sansanin sojin sama na Edwards, sai harka ta koma El Mirage.

Bayan yaƙi

Yaƙin Duniya na Biyu ya dakatar da tseren, amma ya horar da masu yin sa. Dubban samari sun dawo gida sun iya walda da gyaran injin jirgin sama, da ɗan kuɗi a aljihu. Waɗanda suka zo daga wasu jihohi suka ratsa ta Kalifoniya sun ga motocin, sun koma garuruwansu da labarin. Kayan soja da aka yi gwanjonsu ma sun shigo harkar. Bill Burke ya ɗauki tankin man da ake rataya wa jirgin yaƙi a ƙarƙashin fiffike, mai siffar ɗigon ruwa, ya sa masa inji da tayoyi huɗu, ya mai da shi motar tsere. Alex Xydias, wanda ya buɗe shagon So-Cal Speed Shop a Burbank a 1946, yana cikin waɗanda suka bi sawu. A 1949 SCTA ta shirya makon gudu na farko a filin gishirin Bonneville da ke jihar Utah, inda motar shagon So-Cal ta wuce kilomita 300 a sa'a da injin flathead da aka yi wa gyara.

A idon jama'a kuwa, kalmar hot rod zagi ce. Jaridu na danganta ta da samarin da ke tsere a kan titi cikin dare suna kashe kansu da masu wucewa, 'yan sanda na kame, 'yan majalisa na maganar kafa dokar hana motocin. Domin wanke wannan suna ne SCTA ta shirya baje koli a wani ɗakin taron sojoji a Los Angeles a watan Janairun 1948. A ƙofar wannan taro wani matashi ɗan shekara 21, Robert Petersen, ya tsaya yana sayar da fitowar farko ta mujallarsa mai suna Hot Rod a kan santi 25. Mujallar ce ta kai hotuna da dabarun Kalifoniya kowane lungu na Amurka.

Editanta, Wally Parks, shi ya kafa ƙungiyar NHRA a 1951, da nufin kwashe tsere daga titi zuwa filin da aka keɓe. Tsarin mai sauƙi ne: mota biyu su tashi daga tsaye, su bi miƙaƙƙiyar hanya mai tsawon rubu'in mil, wato mita 402. An riga an fara irin wannan a filin jirgin saman Santa Ana tun 1950, kuma NHRA ta yi gasarta ta ƙasa ta farko a Great Bend ta jihar Kansas a 1955. A shekarar ce kuma Chevrolet ya fitar da ƙaramin injinsa na V8 mai bawul a sama, wanda cikin ɗan lokaci ya ture flathead daga yawancin motocin.

Masu dalma da fenti

Yayin da masu hot rod ke cire kaya, masu custom sassaƙa suke yi. Aikinsu aikin mai gyaran bodi ne da ya kai maƙura. Za a yanke ginshiƙan rufi a rage musu 'yan inci, a mayar da rufin a yi walda, sannan a yanka sabon gilashi da zai dace da ramin da ya tsuke. Wani lokaci a sassauto da bodin ya rufe shasi, ko a yanke wani yanki daga tsakiyar jikin motar a zagaye, a haɗe sama da ƙasa. Kafin zuwan hodar cike ta zamani, da narkakkiyar dalma ake shafe wurin walda, ana lallaɓa ta da cokalin katako, shi ya sa ake yi wa motocin laƙabi da sunan dalma. Aiki ne mai cin watanni, kuma kuskuren rabin inci a ginshiƙi ɗaya ya isa ya karkatar da rufin gaba ɗaya.

Harry Westergard na Sacramento yana cikin magabata, amma sunan da ya fi fita shi ne na 'yan uwa biyu, Sam da George Barris. A shagonsu aka gina motar da ake ɗauka a matsayin sarauniyar custom, wato Mercury ƙirar 1951 ta Bob Hirohata, Ba'amurke ɗan asalin Japan, wadda aka kammala a 1952 da fenti kore iri biyu. Labarinta ya ƙunshi tarihin harkar a taƙaice. Duk da kofunan da ta ci, mai ita tuƙa ta yake yi. A 1953 ya kama hanya da ita daga Los Angeles har Indianapolis. Da yayinta ya wuce, wani ɗalibin sakandare ya saye ta a kan dala 500 a wurin dillalin gwanjo, ya ajiye ta shekaru da dama a garejinsa. A watan Janairun 2022 aka yi gwanjonta a jihar Florida a kan dala miliyan 2.145.

Fenti ma ya zama fanni mai zaman kansa. Kenny Howard, wanda aka fi sani da Von Dutch, ya farfaɗo da zanen siraran layuka da buroshi, yana ja da hannu ba tare da ma'auni ba. Joe Bailon ya shahara da jan fenti mai shige da alewa, wanda ake fesa launi mai garai-garai a kan ƙasan zinariya har ya zama kamar mutum na leƙa cikin ruwa. Ed Roth kuwa ya bar ƙarfe ya koma gina jiki da faiba, yana fitar da motoci masu rufin gilashi kamar kumfa, irin Beatnik Bandit ta 1961. Daga nan ne motar baje koli ta fara rabuwa da motar hanya. George Barris da kansa ya ƙare yana yi wa masu fim aiki, ciki har da motar Batman ta shirin talabijin na 1966.

A unguwannin Amurkawa 'yan asalin Meziko da ke Los Angeles an sami wani reshe, lowrider, wanda burinsa tafiya a hankali, cikin mota kusa da kwalta. Da Kalifoniya ta kafa doka a 1958 ta hana a sauke mota ƙasa da bakin ƙarfen taya, sai masu ita suka ɗauko famfunan haidirolik na tsofaffin jiragen sama, suna ɗaga motar in sun hango ɗan sanda, su sauke ta in ya wuce. Sai a 2023 gwamnan jihar ya sa hannu a dokar da ta soke wannan hani, tare da hana birane haramta zagayen motoci.

Manyan bukukuwan baje koli

Baje koli mafi daɗewa da ake ci gaba da yi shi ne Grand National Roadster Show, wanda Al Slonaker ya fara a Oakland a 1950, ya kuma koma Pomona a 2004. Babbar kyautarsa ita ce kofin buɗaɗɗiyar mota mafi kyau a Amurka, kofi mai tsawon ƙafa tara, wanda ake rubuta sunan wanda ya ci a jikinsa. Wanda ya fara cin sa, Bill NieKamp, da Ford ƙirar 1929 ya zo, kuma motar ta yi tsere a El Mirage. Shekara biyar kacal bayan haka, Blackie Gejeian na Fresno ya kawo motar da aka shafe duk ƙarƙashinta da kurom mai walƙiya, ana kifa ta a gefe lokaci-lokaci domin 'yan kallo su ga cikinta. Daga ranar da alƙalai suka fara duba ƙarƙashin mota, hanya ta zama abokiyar gaba, domin tsakuwa ɗaya na iya ɓata aikin wata guda.

A Detroit kuma, ƙungiyar masu hot rod ta jihar Michigan ta fara Autorama a 1953 domin tara kuɗin gina filin tsere. Tun 1964 ake bayar da kyautar Ridler a wurin, don tunawa da Don Ridler, mai tallata bikin, wanda ya rasu a 1963. Sharaɗinta mai tsanani ne. Dole motar ta kasance ba a taɓa nuna ta a bainar jama'a ba, shi ya sa ake gina ta a ɓoye shekara da shekaru. Alƙalai su zaɓi takwas, daga ciki su fitar da ɗaya. Akwai kuma wani sharaɗi da ke nuna inda harka ta kai: sai motar ta nuna tana iya tashi, ta yi gaba, ta yi baya, ta juya, ta tsaya. A ce sai an rubuta doka kafin a tabbatar mota na motsi, wannan kaɗai ya isa bayani. Ladan da ake bayarwa dala 10,000 ne, alhali ginin wasu motocin da ke takarar yana cin dala miliyan guda ko fiye. Mai zane Chip Foose ya ci kyautar sau huɗu, kuma galibin masu irin waɗannan motoci ba su suka gina su ba, biya suka yi.

Bai kamata a raina wannan aiki ba. Wanda ya ga yadda ake lanƙwasa farantin ƙarfe da guduma har ya zama madigadi, ko yadda ake daidaita tazarar ƙofa ta zama ɗaya daga sama har ƙasa, ya san gwaninta ce ta gaske, kuma kuɗin attajiran ne ke riƙe da masu sana'ar da kamfanonin mota suka daina buƙata. Sai dai motar da ake kawowa cikin rufaffiyar tirela, a tura ta da hannu sanye da safar hannu, a girke ta a kan madubi, ta yi nisa da wadda aka kwana da ita a hamada.

Faɗuwa, farfaɗowa, da komawa tushe

A shekarun 1960 kamfanonin Detroit suka shiga kasuwar da kansu. Daga Pontiac GTO ta 1964, saurayi na iya shiga shago ya sayi mota mai gudu da garanti, ba sai ya ɓata hannunsa da baƙin mai ba. Tsofaffin Ford suka koma gareji. Abin da ya dawo da su shi ne begen ƙuruciya. A 1970 aka yi taron ƙasa na farko na masu irin waɗannan motoci a Peoria ta jihar Illinois, inda kimanin mota 600 suka hallara, taron da yanzu ake yi a Louisville ta jihar Kentucky. Fim ɗin American Graffiti na George Lucas, wanda ya fito a 1973 da wata rawayar Ford ƙirar 1932, ya ƙara hura wutar.

Amma waɗanda suka dawo sun manyanta, sun yi iyali, suna son jin daɗi. Motarsu, wadda aka fi kira street rod, tana da na'urar sanyaya iska da giya mai canja kanta da kujeru masu laushi, jikinta sau da yawa na faiba ne sabo. A shekarun 1980 kuma John Buttera da Boyd Coddington suka kawo yayin sassaƙa kayan mota daga dunƙulen alminiyom da injin sassaƙa, abin da ake kira billet. Motocin suka zama sumul, masu launin shuɗi-shuɗi da ruwan hoda, masu tsada, kuma a ganin masu suka, duk kamarsu ɗaya.

Martanin ya zo a shekarun 1990 daga matasa, da yawansu masu sha'awar kiɗan rockabilly da tufafin shekarun 1950. Su a wurinsu da tsohuwar zuma ake magani. Suka koma neman injin flathead da kafireto Stromberg 97 da siraran tayoyi masu farin gefe, suna barin mota da fentin share fage baƙi marar ƙyalli, suna kwaikwayon hotunan tsofaffin mujallu. Wannan shi ne hot rod na gargajiya, kuma ƙa'idarsa ita ce kada a ga wani abu a jikin motar da ba a iya samu a zamanin da take wakilta. Bikin Billetproof, wanda aka fara a arewacin Kalifoniya a 1997, ya rubuta ƙa'idar ƙarara: motar 1964 zuwa baya, ba kayan billet a fili, ba agogon lantarki mai lambobi, ba motar da aka kawo a tirela. A bakin tekun New Jersey, tun 2012 ake yin The Race of Gentlemen, inda motoci masu jikin 1934 zuwa baya da tsofaffin babura ke tsere a kan yashi, ana tashin su da tuta kamar da. Ko a Autorama ta Detroit, an ware wa masu gargajiya benen ƙasa, masu neman Ridler suna sama.

Daga wannan reshe ne aka sami rat rod, motar da ake barin tsatsarta da gangan, a ƙawata ta da tarkace har abin ya zama wasan kwaikwayo. Masu gargajiya na gaskiya ba sa son a haɗa su da ita, kuma suna da hujja: samarin 1948 ba don ado suka bar mota ba fenti ba, kuɗin fentin ne bai samu ba tukuna.

Gargajiyar ma ba ta tsira daga tsada ba. Jikin Ford na 1932 na asali ya yi ƙaranci, har kamfanoni irin Brookville na jihar Ohio suna buga sabon jiki na ƙarfe daidai da tsohon. Kafireton da aka taɓa zubarwa ya zama kayan tarihi. A 1997 bikin Pebble Beach, wanda taron manyan motocin alfarma ne, ya buɗe wa hot rod aji na musamman, kuma a 2017 aka girke Mercury ta Hirohata da wata Ford ƙirar 1932 da wata lowrider mai suna Gypsy Rose, ɗaya bayan ɗaya, cikin akwatin gilashi a babban dandalin birnin Washinton a matsayin kayan tarihin ƙasa.

Ayari a kan hanya

Tafiyar ayari ta girmi yawancin bukukuwan. Tun ƙarshen shekarun 1940 ƙungiyar masu roadster ta Pasadena ke shirya tafiyar gwajin juriya, inda ba wanda ya riga isa ke ci ba, sai wanda ya bi tsawon hanyar a kan gudun da aka ƙayyade, yana isa kowane shinge a kan lokaci. Manufar ita ce a nuna wa hukuma cewa motocin lafiyayyu ne, direbobinsu kuma masu bin doka.

Mafi girman irin wannan tafiya a yau ita ce Power Tour, wadda mujallar Hot Rod ta fara a 1995, lokacin da ma'aikatanta suka tuƙa motocin da suka gina daga Los Angeles zuwa Norwalk ta jihar Ohio, suka gayyaci masu karatu su biyo su. Yanzu dubban motoci ke shiga, yawanci a watan Yuni. Kowace rana ayari ya tashi daga gari guda, ya bi ƙananan hanyoyi ta cikin karkara, ya sauka a filin tsere ko filin baje kolin gari na gaba, inda mutanen wurin ke fitowa da nasu motocin. Mutum na iya shiga na yini ɗaya ya koma gida, amma girmamawa ta waɗanda suka yi tafiyar daga farko har ƙarshe ce. Wahalar ba a ɓoye take ba. Tsohuwar mota a cunkoso cikin zafin bazara, lagireto na tafasa, mai na ƙafewa a bututu, birki na ɗaukar zafi. Filin ajiye motocin otal kan koma gareji da dare, kuma al'ada ce in an ga mota a gefen hanya da bonet a buɗe a tsaya, ko ba a san mai ita ba.

Mujallar ta ƙara tsananta gwajin a 2005 da Drag Week. A nan mota za ta yi tsere kwana biyar a jere, kuma tsakanin fili da fili dole ta tuƙa kanta a kan titin kowa da kowa, jimillar tafiyar ta kai kimanin mil dubu, ba motar rakiya, sai 'yar tirelar kayan aiki da ita motar ke ja. Wanda ya lalace ya kasa gyarawa ya fita. A 2019 Tom Bailey ya yi rubu'in mil cikin daƙiƙa 5.998 da gudun da ya kai kilomita 400 a sa'a, a motar da ta iso filin da ƙafafunta.

Akwai kuma zagayen gari, wanda ba ya buƙatar rajista. Mafi shahara shi ne Woodward Dream Cruise, da ake yi ranar Asabar ta uku ga watan Agusta a kan titin Woodward, tsawon kimanin kilomita 26 daga Ferndale zuwa Pontiac a wajen Detroit. An fara shi a 1995 domin tara kuɗin gina filin ƙwallon yara, ya zama taron da ke jawo dubun dubatar motoci, jama'a na jere da kujerunsu a bakin titi tun safe. A kan wannan titi ne injiniyoyin kamfanonin mota suka riƙa gwada ƙarfin motocinsu da samari cikin dare a shekarun 1960. Tsohuwar hanyar Route 66, wadda aka buɗe a 1926 tsakanin Chicago da Los Angeles, aka kuma cire ta daga jerin manyan hanyoyin tarayya a 1985, ita ma ƙungiyoyi na bin ragowarta a ayari.

Wajen Amurka, da abin da ke gaba

Suwidin ce ta fi kowace ƙasar Turai rungumar al'adar, ta hanyar samarin karkara da ake kira raggare, waɗanda tun shekarun 1950 suke zagaye da manyan motocin Amurka. Taronsu na Power Big Meet yana cikin mafi girma a duniya. A Japan kamfanin Mooneyes yana shirya baje koli a Yokohama tun 1992, Ostiraliya na da Summernats a Canberra tun 1988, a Birtaniya kuma ana tsere a kan yashin Pendine da ke Wales.

A gida Amurka, masu harkar suna tsufa, kuma matasa da yawa sun karkata ga motocin Japan ko na shekarun 1980, waɗanda su ne masu arahar yau. A ƙarshen 2019 kamfanin da ke buga Hot Rod ya rufe mujallu 19 a lokaci guda, ciki har da Street Rodder da Car Craft da Lowrider. Dokokin hayaƙi sun bambanta daga jiha zuwa jiha: Kalifoniya ta yafe wa motocin 1975 zuwa baya gwajin hayaƙi, amma dokar tarayya ta hana taɓa na'urorin tace hayaƙi a sababbin motoci, kuma ƙungiyar masu kayan gyara, SEMA, ta daɗe tana kai-komo a majalisa kan batun. Filin Bonneville kansa yana cikin matsala. Ɓawon gishirin ya yi siriri ƙwarai idan aka kwatanta da 1949, masu tsere na ɗora laifin a kan haƙar sinadarin potash da ake yi a kusa, masu bincike na ƙarawa da sauyin ruwan ƙasa da yanayi. An soke makon gudu a 2014 da 2015 saboda ruwa da laka, aka sake soke shi a 2022 bayan ruwan sama ya mamaye filin ana dab da farawa.